Pseudomonas: idan ƙwaya na jin yunwa, magani ba ya kama ta

Takardar sakamakon da muke fitarwa daga ɗakin gwaji gajeruwa ce. Sunan ƙwayar da muka samu yana sama, sai jerin magunguna a ƙasa, kowanne da harafi ɗaya a gabansa: S idan maganin ya hana ta tsiro, R idan ta bijire masa. Likita ya duba, ya zaɓi mai S, ya rubuta wa majiyyaci. Ga yawancin ƙwayoyin bakteriya, wannan ya wadatar. Amma akwai ɗaya da duk lokacin da na rubuta sunanta nakan so a ce takardar tana da fili inda zan ƙara bayani, ita ce Pseudomonas aeruginosa.

Wanda ya taɓa aiki da ita ba ya mance ta. Ka buɗe na'urar ɗumi da safe, tun kafin ka fito da farantan da muke shuka ƙwayoyi a kansu, wani ƙamshi mai kama da na inabi zai buge ka. An hana mu shinshina faranti, kuma hanin yana kan daidai, amma wannan ba sai ka kai hanci ba. Idan ka ɗaga farantin a haske za ka ga ta bazu falan-falan, gefenta ba a daidaice ba, samanta na ɗan sheƙi, kuma abincin da ke ƙarƙashinta ya rine ya koma kore mai ratsin shuɗi. Launuka biyu ne suka haɗu: wani shuɗi mai suna fayosayanin, da wani rawaya-kore mai suna fayobadin. Wannan launin ne ya ja hankalin Carle Gessard, wani masanin haɗa magunguna ɗan Faransa, wanda a 1882 ya ware ƙwayar daga bandejin raunuka da mugunya ta mayar shuɗi-kore. Har gobe nas-nas na ɗakin masu ƙuna sukan gane ta da ido kafin samfuri ya iso wurinmu.

Ba kasafai take taɓa mai cikakkiyar lafiya ba. Gidanta ƙasa ne da ruwa da duk wani wuri mai danshi: bakin famfo, magudanar wurin wanke hannu, tsumman goge ƙasa, robar na'urar numfashi. Sai ta samu ƙofa take shiga, wato fatar da ta ƙone, huhun wanda ke kan na'ura, mafitsarar mai robar fitsari, gyambon mai ciwon sukari, idon da ya samu rauni, jinin wanda maganin kansa ya karya wa garkuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun farko na ƙwayoyin da ake neman sabon magani dominsu a jerin 2017, sannan a na 2024 ta sauko da ita mataki ɗaya, zuwa sahu na biyu.

Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne cimarta. A 1971 an wallafa wani bincike da ya nuna tana hayayyafa a cikin tataccen ruwan da ake amfani da shi a asibiti, ruwan da muke ɗauka babu komai a cikinsa, har ta kai miliyoyi a mililita guda. Ɗan abin da ya narke a ciki ya ishe ta. Da aka kammala karanta kundin halittarta a shekarar 2000, na wani iri mai suna PAO1 da aka samo daga rauni a Melbourne ta Ostireliya tun shekarun 1950, an tarar da harufa kusan miliyan 6.3 da ƙwayoyin gado, wato sassan kundin masu ɗauke da umarnin aiki, guda 5,570. E. coli, ƙwayar hanji da aka fi nazari a kanta, tana da harufa kimanin miliyan 4.6 ne. Ɗaruruwa daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado aikinsu kawai kunna wasu da kashe wasu, gwargwadon abin da ƙwayar ta tarar a inda ta samu kanta.

Zaɓinta ma daban ne. Ka ba E. coli gulukos tare da wani abinci, gulukos za ta fara cinyewa. Pseudomonas kuwa takan ture gulukos gefe ta fara da ƙananan asid irin su saksinet, da kuma amino asid, tubalan furotin. Wannan ya dace da jikin mutum ƙwarai, domin mataccen nama da majina da mugunya cike suke da irin waɗannan. Kuma ba ta iya ruɓar da sukari don samun kuzari kamar yadda ƙwayoyin hanji ke yi. Da numfashi take rayuwa. Tana da na'urorin furotin iri biyar na amfani da iskar oksijin, wasu an yi su ne musamman don wurin da iskar ta yi ƙaranci. Idan iskar ta ƙare ƙaf, sai ta koma numfashi da wani sinadari mai suna naitiret. Idan shi ma babu, sai ta lallaɓa da wani amino asid mai suna ajinin, ba don ta yi girma sosai ba, don dai kada ta mutu. Shi kansa shuɗin launin nan yana da aiki a nan: yana ɗaukar lantarki daga ƙwayoyin da ke can cikin tarinsu, inda babu iska, ya kai shi inda iska take, ya dawo. Dianne Newman da ɗalibanta a Amurka sun daɗe suna nazarin wannan.

To, mene ne haɗin wannan da harafin S?

Ga yadda muke gwajin. Mukan ɗebo ƙwayar da ta kwana tana tsiro, mu dama ta a ruwan gishiri daidai wani ma'auni, mu shafe farantin Mueller-Hinton da ita, wani abinci mai gina jiki da aka ƙirƙiro tun 1941. Sai mu ɗora ƙananan takardu zagayayyu masu ɗauke da magani, mu sa a ɗumin digiri 35 na awa 16 zuwa 18. Washegari mu auna faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsiro a ciki, da milimita. Gwaji ne mai kyau, kuma daidaita shi da aka yi a duniya baki ɗaya shi ya sa sakamakona zai yi daidai da na wani a wata nahiya. Sai dai a duba halin da ƙwayar take ciki lokacin da muka yi mata tambayar. Ta ƙoshi, iska na ratsa ta ta ko'ina, kowace na zaman kanta, tana rabuwa biyu cikin ƙasa da awa guda. A cikin gyambo ko cikin robar fitsari ba haka take zaune ba.

Akwai wani dattijo da samfurin fitsarinsa ya riƙa dawo mana. Pseudomonas ce, kuma maganin sifrofuloksasin S ne, da'ira mai faɗi, babu ko shakka. Aka ba shi, zazzaɓi ya sauka. Da aka gama maganin, ba a jima ba zazzaɓi ya dawo. Samfuri na biyu, ƙwaya ɗaya, da'ira ɗaya. Likitar da ke kula da shi ta kira ni, muryarta da gajiya.

"Malam, ka tabbata takardun maganin nan naku ba su lalace ba? Sau biyu kuna ce min S."

Na ce mata, "Likita, mun gwada su da ƙwayar awo wadda muka riga muka san sakamakonta, lafiyarsu ƙalau. Robar fitsarin nan tun yaushe take jikinsa?"

Ta ce bari ta duba. Ashe ta yi makonni, tun kafin a kawo shi ɗakinta. Da aka cire, sista ta ajiye min ita a tasa na je na gani. Daga waje ba ta da wani aibu. Da aka tsaga ta da almakashi, sai ga cikinta ya yi wani kauri mai yauƙi, fari-fari da ɗan kore, ya manne wa bangon robar, har ramin ya tsuke. Na sa sandar auduga na taɓa, yana jawuwa kamar zare. Da aka sa sabuwar roba aka maimaita maganin nan dai, dattijon ya warware.

Wannan yauƙin ƙwayoyin ne suke saƙa shi da kansu, daga sukari masu dogon zare da furotin da tarkacen 'yan uwansu da suka mutu, su zauna a ciki dubbai a kan dubbai. Da daɗewa an ɗauka cewa katanga ce kawai, magani ba ya iya ratsawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki ga wasu magunguna. Amma a 2003 masu bincike a jihar Montana ta Amurka, a ɗakin gwajin Philip Stewart, sun auna suka ga sifrofuloksasin da tobramisin duka suna ratsa yauƙin Pseudomonas har ƙasa. Suna isa, amma ba sa kisa sai a saman, inda yauƙin ke haɗuwa da iska. Da suka auna oksijin da wata siririyar allura, sai suka tarar bai nutsa ko kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Na sama sun shaƙe shi duka. Na ƙasa suna nan da rai, amma sun yi likimo, ba sa gina furotin, ba sa rabuwa.

A nan ne lissafin yake. Yawancin magungunanmu ba sa kashe ƙwaya da ƙarfin kansu, aikin da take yi suke lalatawa. Dangin fenisilin, irin su seftazidim da meropenem, suna ɓata ginin bangonta, to idan ba ta gini fa? Sifrofuloksasin yana kama na'urar da ke warware zaren halittarta lokacin kwafi. Su kuwa dangin tobramisin da amikasin, nasu ya fi ban mamaki, domin ba sa ma iya shiga sai ƙwayar ta jawo su da kanta. Duk ƙwayar da ke numfashi tana tura wasu ƙananan ɓurɓushi masu caji zuwa wajen tantaninta, sai a samu bambancin caji tsakanin ciki da waje, kamar batir. Da wannan cajin take ƙera kuzarinta, da shi take juya wutsiyarta ta yi iyo, kuma shi ne yake zuƙo tobramisin ciki. Idan babu iska ko babu abinci, caji ya faɗi, magani ya tsaya a bakin ƙofa komai yawansa. Shi ya sa wannan dangin ba ya aiki a kan ƙwayoyin da ba sa amfani da iska sam, kuma ba ya kataɓus a cikin ƙurji mai mugunya, inda ga rashin iska ga tsami.

Ba sabon abu ba ne a ga 'yan tsiraru sun tsira daga maganin da ya kamata ya kashe su. Joseph Bigger ya bayyana haka tun 1944, lokacin fenisilin na sabo: ya ga kullum akwai ragowar wata ƙwayar bakteriya mai suna stafilokokas da ba sa mutuwa, kuma idan aka sake shuka su, 'ya'yansu suna mutuwa da fenisilin kamar kowa. Ke nan ba su canza halitta ba, halin da suke ciki ne ya kare su. Irin wannan juriyar gwajinmu na faranti ba ya ganinta ko kaɗan, domin da zarar mun ɗora ƙwayar a kan abinci mai kyau ta farfaɗo, ta koma S. Nakan ji ciwo idan na ga an karanta dawowar zazzaɓi a matsayin shaidar cewa magani ya yi rauni, a tsallaka zuwa wanda ya fi shi ƙarfi, a bar roba ko mataccen nama a inda yake. An ƙona magani mai daraja a banza, kuma an ba ƙwayar lokacin da take buƙata ta koyi bijirewa ta gaske.

Wani aikin da na fi so a wannan fanni shi ne na Sylvain Meylan da abokansa a ɗakin gwajin James Collins, wanda ya fito a 2017. Tun a 2011 ɗakin ya nuna cewa idan aka ba E. coli mai likimo wani sukari mai suna manitol tare da jentamisin, ɗan'uwan tobramisin, cajin nan yana tashi, magani ya shiga, ta mutu, har a jikin ɓeraye masu robar fitsari. Sai suka juya kan Pseudomonas. Suka bar ta ta cinye abincinta ta daina tsiro, suka zuba tobramisin, kusan bai yi mata komai ba. Sai suka riƙa ƙara abinci iri-iri, ɗaya bayan ɗaya. Da suka sa fumaret, wani ƙaramin asid da ke cikin zagayen da ƙwaya ke ƙona abinci, numfashinta ya tashi, maganin ya shiga, ta mutu. Da suka sa gilayoksilet, sai akasin haka: ya karkatar da abincin daga wannan zagayen, numfashi ya lafa, ƙwayar ta tsira. Ƙwaya ɗaya, magani ɗaya, adadi ɗaya, abin da ta ci ne kawai ya raba rai da mutuwa. Na karanta wannan aikin fiye da sau ɗaya, kuma har yanzu idan ina auna da'irar tobramisin yakan faɗo min a rai. Ya kamata in faɗa a fili cewa wannan binciken ɗakin gwaji ne. Ba wanda zai je ya haɗa wa majiyyaci wani abu da kansa bisa wannan.

Kada kuma a ɗauka ƙwaya mai yunwa kwance kawai take ba ta komai. Dao Nguyen da Pradeep Singh a Seattle sun nuna a 2011 cewa idan Pseudomonas ta ji amino asid ya yanke, takan saki wani sinadarin gargaɗi a cikinta, wanda ke sa ta rage gini ta kuma ƙara kayan kariya daga gubar da magani ke haddasawa. Da suka cire ƙwayoyin gadon da ke ƙera wannan gargaɗin, suka bar ta da yunwa, ta daina tsiro kamar da, amma magunguna suka yi mata kisan gilla. Wato likimon shiri ne, da gangan take yinsa, kuma abin da aka shirya ana iya rushe shi.

Sai wani abin da ya juya lissafin. A 2008 masu bincike a Denmak, Sünje Pamp da Tim Tolker-Nielsen da abokansu, sun gwada kolistin a kan yauƙin. Kolistin tsohon magani ne da aka jingine saboda yana taɓa ƙoda, aka dawo da shi da wasu suka gaza. Shi ba ya jiran ƙwaya ta yi aiki, tantaninta yake yagawa kai tsaye. Sai ga shi ya kashe na can ciki masu likimo, ya bar na sama masu kuzari, domin su suna da ƙarfin sauya fatarsu da kunna famfunan fitar da guba. Sifrofuloksasin kuwa na sama yake kashewa ya bar na ciki. Da aka haɗa biyun, kusan babu wadda ta tsira. Wannan ya nuna min cewa a cikin ɗigon yauƙi guda akwai al'umma biyu ko fiye, kowacce da maganin da ke kama ta, alhali ni harafi ɗaya nake rubuta musu duka.

Bijirewa ta gaske ma, wadda muke rubuta wa R, tana da alaƙa da ci. Fatar wajen Pseudomonas ta fi ta E. coli tsauri nesa ba kusa ba, abu ba ya shiga sai ta ƙananan ƙofofi na musamman. Ɗaya daga cikinsu, OprD, an yi ta ne don shigo da amino asid irin su ajinin da laisin. Maganin imipenem, ɗan dangin fenisilin, ya yi kama da su a siffa, ta nan yake bi. Idan ƙwayar ta toshe wannan ƙofar ta hanyar sauyin gado, ta yi asarar hanyar abinci ɗaya, amma tana da wasu, imipenem kuma ya rasa mashiga. Wannan yakan faru ana tsakiyar jinya, shi ya sa idan majiyyaci bai samu sauƙi ba muke so a sake turo samfuri, kada a dogara da sakamakon makon jiya. Ga kuma famfunan da ke tofar da magani waje, waɗanda su ma da cajin numfashin nan suke aiki, ga wani sinadari da take ƙerawa mai sare dangin fenisilin. A huhun masu cutar gado ta sistik faiburosis, inda majina ke yin kauri iska ba ta ratsa ta, takan zauna shekaru, ta koma mai yauƙi sosai, wani lokaci har ta daina ƙera wasu amino asid da kanta tunda majinar na ba ta kyauta.

Saboda haka idan ɗalibai suka zo wurina koyon aiki, nakan ce musu wanke gyambo da yanke mataccen nama da tsaga ƙurji da canza roba da fitar da majina daga ƙirji duk cikin maganin suke. Su ne ke rage yawan ƙwayoyin, su fasa yauƙin, su buɗe wa iska da jini hanya, su tayar da masu likimo a daidai lokacin da allura ke jiran su. Nas ɗin da ta tsaya ta wanke rauni da kyau ta yi wa tobramisin rabin aikinsa. Nakan kuma roƙi likitoci su rubuta mana a takardar neman gwaji ko akwai roba ko wani ƙarfe a jikin majiyyaci, da maganin da ya riga ya sha. Layi ɗaya ne, amma yana canza yadda nake karanta farantin da abin da zan faɗa idan an kira ni.

Akwai yunwa guda da jiki da kansa yake ɗora wa ƙwayar, ta sinadarin ƙarfe. Ba ta iya numfashi sai da shi, jikinmu kuwa yana ɓoye shi a cikin furotin na musamman don kada baƙo ya samu. Rawayan launin nan, fayobadin, shi take aikawa ya ƙwato ƙarfen ya dawo mata da shi ta wata ƙofa ta daban. Wani kamfanin Japan, Shionogi, ya yi amfani da wannan: suka ɗauki magani daga dangin seftazidim suka liƙa masa wani hannu mai kama ƙarfe. Ƙwayar ta ga ƙarfe, ta buɗe ƙofofin shigo da shi, ta jawo maganin ciki da ƙarfinta. Sunansa sefiderokol, Amurka ta amince da shi a 2019. An riga an ga ƙwayoyin da suka sauya waɗannan ƙofofin suka bijire masa, don haka tsugune ba ta ƙare ba.

Amma yadda ake gwada shi ya faranta min rai. Idan aka auna ƙarfinsa a cikin ruwan Mueller-Hinton na yau da kullum, sakamakon ba ya fitowa daidai, domin ƙarfe ya yi yawa a ciki, ƙwayar ta ƙoshi ba ta buɗe ƙofofin sosai. Dole sai an tsame ƙarfen daga ruwan tukuna, a sa ta cikin irin yunwar da take ji a jini, sannan a zuba maganin. Hukumomin da ke tsara ma'aunin gwaji a Amurka da Turai duka sun rubuta haka a ƙa'idarsu. Ina so in ga an yi irin wannan ga iska da yauƙi ma, a samu gwajin da ɗakin gwaji na talakan asibiti zai iya yi, wanda zai tambayi Pseudomonas a halin da take ciki a jikin majiyyaci.